Gaɓar da Injiniya Ya Bar wa Ɗansa

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda sai kun yi gardama a kanta.

A can baya, lokacin da ake shimfiɗa titi a wani gari na bakin gulbi, akwai wani injiniya mutumin Koriya da ya musulunta, aka sa masa Isyaku, ya auri wata 'yar garin. Da sunan Isyaku kowa ya san shi, sunansa na gida kuwa ba wanda ya riƙe. Matar na da tsohon ciki Injiniya ya rasu a haɗarin mota, ita ma ba ta jima da haihuwa ba ta bi shi. Aka raɗa wa yaron Mamuda. Sai dai kafin uban ya rasu ya taɓa ce wa yayar matarsa, Iya Tasalla, in namiji ne a haɗa wa sunansa wata gaɓa guda ta harshensu: Hwan.

Mamuda ya girma ya yi aure, sai ciwon jini ya kwantar da shi. Likita ya ce sai an yi masa dashen ɓargo, kuma na dangin uwa duk bai dace ba, a nemo dangin uba. To a ina?

Iya Tasalla ce ta goya Mamuda. Mutanen gari duk sun mayar da sunan Hawan, wasu Huwanu, ita kaɗai take fitar da shi da numfashi ɗaya, leɓe a zumɓure, yadda ta ji a bakin mamacin. Shekara da shekaru ana tsokanarta, “Iya, tari kike ko kira?” Takan ce, “Ku dai ku yi ta ɓata wa maraya suna, ni amana aka ba ni.”

Mamuda yana da amini, Mantau, mai sayo kayan gyaran mota daga Koriya. Shi ya naɗi muryar Iya a waya, ya bar cinikinsa ya dinga bin tsofaffi a can Koriya, har ya dace da wani mai sassaƙa hatimin suna. Tsohon ya saurara, ya ce sautin ya fita daidai, amma yana iya nufin zobe, ko komowa, ko hasken wuta. Mantau ya yi tunani, ya kira gida ya tambayi Iya me Injiniya yake yi sa'ad da ya faɗi gaɓar. Ta ce murhu ya nuna da yatsa. Tsohon ya buga cinya. Ya ce a al'adarsu zuriya kan jera sunaye bi da bi: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe, ruwa. 'Ya'yan tsara ɗaya, wa da ƙane da ɗan baffa, duk gaɓa guda suke rabawa. Ashe ba sunan Mamuda shi kaɗai ba ne, tambarin tsararsa ne. Amma gidajen da ke amfani da ita suna da yawa, shi bai san wanne ba.

Sai Dije, matar Mamuda, wadda ko Kano ba ta taɓa wucewa ba, ta ɗaura ɗamara ta hau jirgi zuwa Koriya. Ta isa da kaka, lokacin da dangi ke taruwa a kan tuddai suna nome kaburburan kakanninsu. Ita da wata ɗaliba mai yi mata tafinta suka dinga hawa tudu suna sauka, tana kiran gaɓar, ana kallonta ana girgiza kai. Ƙafafunta suka kumbura. Ran nan ta tsaya a gindin wani tudu ta ɗaga murya, sai maza masu lauje suka ɗago kai gaba ɗaya. A tsakiyarsu ga wani mai furfura, da goshin Mamuda, da haɓarsa. Dije ta zauna a ƙasa ta ce, “Alhamdu lillahi, ga mijina ya tsufa!”

Sunansa Dong-hwan, ɗan Injiniya na fari, wanda tun yana ƙarami aka ce masa ubansa ya mutu a Afirka bai bar kowa ba. Aka gwada ɓargonsa ya dace. Aka yi aiki, Mamuda ya miƙe, gari ya ɗauki guɗa.

Ranar walima Dong-hwan ya fito da kwanon tagulla mai murfi, na kakarsu, ya ce na wanda ya mayar masa da ƙanensa ne. Iya ta ce, “Da na bi bakinku, me za ku kai can? Huwanu?” Mantau ya yi dariya ya ce, “Iya, kin riƙe, amma kin san abin da kika riƙe?” Dije ta ce, “Ku duka biyun kun san kan tudun nan? Ku zo ku ga ƙafata.”

Kwano guda ne, ba ya rabuwa. To, jama'a, tsakanin Iya Tasalla da Mantau da Dije, wa za a miƙa wa?