Kawu Yanzu-Yanzu da Kuɓewar Gado

Ina da wani kawu tela, muna ce masa Yanzu-Yanzu, don zama ƙaiƙayi yake yi masa. An ce ya taɓa ɗinka wa wani aljihu alhali mai rigar yana tafiya a cikinta. Ban ga ɗinkin ba, amma na ga aljihun, a gadon baya yake.

Da kakarmu ta rasu, ta bar masa irin kuɓewarta ƙulle a tsumma, wanda babu mai shi a duk dangi. Kawu ya shuke shi tas a bayan shago, ko ƙwaya bai ajiye ba.

Kuɓewa ta yi kyau, sai ganye ya soma nannaɗewa, gefensa na ja kamar an kara shi a wuta. Kawu ya duba, babu cizo, babu huji. Matarsa, 'yar masu lambu ce, ta gaya masa wasu 'yan ƙwari ne koraye, ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ba sa tauna ganye, ta ƙasa suke soka masa tsinin baki su tsotse ruwansa, da sun ji motsi kuma sai tsalle. Ta ce ya tsuguna shiru na minti biyar, ya juya ganye ɗaya a hankali.

"Minti biyar? Wai ni da ke wa aka bar wa gadon nan?"

Ya faɗa lambun yana kaɗe ganye. Ƙwari suka watse, ya rage sai gizo-gizo zaune a saƙarsa. Kawu ya ce ga ɓarawon nan har ya yi gini. Ya ɗauko tsintsiya ya share shi da 'yan'uwansa kaf.

"Maigida, masu gadinka fa ka kora. Su ke cin ƙwarin."

Bai tsaya ji ba, ya tafi neman taki. Yau ya zuba, gobe ya ƙara, ganye ya fito sabo mai laushi, ƙwari suka samu liyafa babu mai gadi a ƙofa.

Ranar da gajiya ta kayar da shi ƙasa, ya ɗaga ido ya hango ƙwarin jere a ƙasan ganyen ƙarshe, suna tafiyarsu a karkace. Ko fure ɗaya kuɓewar ba ta riƙe ba.

Don haka, mai karatu, kafin ka ɗauki tsintsiya, tsuguna ka duba ƙasan ganye, ka kuma saurari wanda ya fi ka sanin abin. Mai gaggawa yakan kori mai taimakonsa, ya ciyar da mai cutarsa.