Farin Bakin Bindigar Bargash

Yaya Zahir, yau ma na wuce ta ƙofar shagonka. Kwaɗon yana nan yadda ka bar shi, tattabaru ne kawai suka ƙaru a saman rufin. Kai ne ka saba ba ni labari, yau ni zan ba da naka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Masu bin wannan shafi, ku saurara.

Akwai wani maƙerin bindiga mai suna Zahir, a wani ƙauye na gindin dutse can bayan garin Nizwa, a ƙasar Larabawa. Ba ya ƙera sabuwa, tsofaffi yake gyarawa. Yana da aboki tun na ƙuruciya, Bargash, wanda ake kira Abu Talal. Duk shekara a gasar harbi ta Babbar Sallah, Bargash ne ke fitar da ƙauyen kunya a gaban mutanen tsallaken kwari.

Bindigar da yake harbi da ita ta mahaifinsa ce. Tsohuwa ce mai zobban azurfa a jiki, ƙotarta ta yi santsi saboda hannuwan da suka riƙe ta. Da cikin bututunta ya cinye, harsashi ya fara yawo, sai ya kai wa Zahir ya sa mata sabo.

Ranar karɓa, Bargash ya juya ta sama da ƙasa. Ya duba inda ƙarfe ya haɗu da itace, babu rata. Ya duba zobban, kowanne ya koma mazauninsa. Ya leƙa cikin bututun ta hasken ƙofa, ya gyaɗa kai. Da ya zo bakin, sai ya yamutsa fuska.

"Kai Zahir, barci ya ɗauke ka a nan? Ko'ina na sheƙi, bakin kuma baƙi kamar gindin tukunyar gahawa."

Zahir ya ce, "Amarya ka kawo min ko bindiga?"

"Bindigar ubana ta fi amarya."

"To ji nan, Abu Talal. Wannan ɗan leɓen da ke zagaye da baki, shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa kafin ya fita. In gefe ɗaya ya fi ɗaya ko da kaurin gashi, iskar da ke bayansa za ta ture shi. Na daidaita shi, na rina shi don tsatsa. Ka goge azurfarka har ta makantar da maƙwabta, amma nan kada ka taɓa."

Suka fita bayan shago, Bargash ya gwada ta a kan wani farin dutse. Dutsen ya tarwatse. Ya yi dariya ya ce, "Ashe kana da amfani." Suka sha gahawa da dabino, kowa ya kama gabansa.

Jajibirin Sallah kowane magidanci kan zauna a ƙofar gida da toka da lemon tsami, ya goge wuƙar ɗamararsa da duk wata azurfa da zai fita da ita. Bargash ya goge zobban har suna ɗaukar ido. Da ya ɗaga bindigar, baƙin bakin nan ya tsaya masa a rai. Baƙi za su zo, za a karɓi bindigar hannu zuwa hannu ana kallo. Sai ya naɗe tsumma a kan ƙusa, ya tsoma a yashi mai laushi, ya dinga murzawa a cikin bakin har ya yi fari fes. A ganinsa bai taɓa komai ba, shara kawai ya yi.

Ranar gasa, bayan an tono naman da aka binne a rami don ya gasu an ci, aka jera fararen duwatsu a jikin tsauni. Bargash ya kwanta, ya yi saiti, ya ja kunama. Ƙura ta tashi a hagun dutsen. Ya sake, ta tashi a sama.

Wani daga mutanen tsallake ya ɗaga murya. "Abu Talal, dutsen ake nema, ba tsaunin ba! Tsaunin ai kowa ya same shi."

Wani ya ƙara, "Ku matsar masa da shi kusa, ya jefe shi da takalmi."

Dariya ta cika wurin. A cikin baƙin har da mutanen da ɗansa Talal ke neman aure a gidansu. Bargash ya miƙe yana huci, ya nuna Zahir da yatsa.

"Ga wanda ya kashe bindigar ubana! Da hannuna na kai masa ita, ya mayar min da sanda."

Zahir ya zo ya karɓe ta. Ya kalli bakin. Ya ɗago ya kalli Bargash, ya kalli baƙin da ke bayansa. Sannan ya miƙa masa ya ce, "Kawo ta bayan Sallah, in duba."

"Hannunka ba zai ƙara taɓa ta ba."

Daga ranar magana ta bazu cewa hannun Zahir ya lalace. Masu bindiga suka fara wucewa ta ƙofarsa su kai aikinsu birni. Wani ma ya zo ya karɓe tasa ba a gama ba. Idan an tambayi Zahir sai ya ce, "Abu Talal zai zo, ku bar shi ya huce."

Bai zo ba. Kafin dabino ya gama nuna, ruwan sama ya sauka a kan tsauni, kwari ya cika, ya tafi da motar Zahir yana ciki.

A ranar ƙarshe ta zaman makoki, zauren taron ƙauye ya cika. Kamar yadda aka saba, dattijo ya tambaya ko akwai wanda yake da wani haƙƙi a kan mamaci, ya faɗa ko ya yafe. Dattijon shi ne Baffa Humaid, wanda duk rigimar da ta shafi aikin bindiga wurinsa ake kaiwa, ko da yake idonsa ya kusa rufewa.

Bargash ya gyara murya. "Ni dai ku shaida, na yafe masa ɓarnar da ya yi wa bindigar ubana. Duniya da lahira."

Wasu suka ce madalla. Baffa Humaid ya ajiye kofinsa.

"Ɗana, an gode. Amma kafin a yafe wa mutum laifi, a fara ganin laifin. A ɗauko ta."

Aka ɗauko. Tsohon ya ɗora ta a cinya, ya bi ta da yatsu daga ƙota har gaba. "Wannan haɗi ya yi kyau. Wannan ma." Da ya kai baki, ya zagaya babban yatsansa a leɓen a hankali. Ya sa aka ba shi ɗan auduga, ya juya a ciki. Audugar ta maƙale a gefe ɗaya.

"Gefen nan ya zaizaye. Ku da ke da ido, bakin wace kala ce?"

Aka ce fari ne, yana sheƙi.

"Wa ke da bindigar da ta fito daga hannun Zahir a nan?"

Mutane da dama suka amsa.

"Akwai mai farin baki a cikinsu?"

Babu.

Baffa Humaid ya juya fuskarsa inda ya ji muryar Bargash. "Abu Talal, a haka ya ba ka ita?"

Bargash ya kalli tabarma. Babu wanda ya matsa masa. Can ya ce, "Baƙi ne da ya ba ni. Ni na goge, jajibirin Sallah. Ya ce kada in taɓa. Na ɗauka shara ce."

"Ranar gasa ya karɓa ya duba?"

"Ya duba."

"To ya gani ke nan. Makaho ma ya gani, balle wanda ya yi aikin."

Bargash ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Ya tuna kallon nan da Zahir ya yi masa, da wanda ya yi wa baƙin da ke bayansa. Da kalma ɗaya Zahir zai wanke kansa a gaban ƙauye biyu, sai dariyar ta koma kan abokinsa a gaban surukan ɗansa. Bai faɗi kalmar ba.

Juma'ar da ta biyo, Bargash ya tsallaka kwari. Ya tsaya a ƙofar masallacin mutanen tsallake bayan an idar, bindigar a hannunsa, ya faɗi abin da ya yi da ƙusa da yashi. Babu wanda ya yi dariya. Ya dawo ya faɗa a namu. Sunan Zahir ya dawo masa, amma shagon na rufe.

Darasi: Kada ka auna aikin mutum da sheƙinsa, kuma kafin ka ɗora wa wani laifi, ka duba abin da hannunka ya taɓa. Shirun wanda ka zarga ba lallai ne amsa laifi ba, wataƙila asirinka yake rufawa, kuma ba kullum ake samun lokacin ba da haƙuri ba. Ku tura wa duk wanda ke fushi da abokinsa, ko zai je yau.

Yaya, shekaranjiya Abu Talal ya kawo min bindigar. Ya ce ba za ta je birni ba, ko a gidanku a gyara ta ko ta zauna a haka. Makullin shagonka yana aljihuna tun ranar da ruwa ya tafi da kai, kuma ina jin zan buɗe. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko Inna.