Kaset ɗin da ke cikin gwangwanin Wongani

Akwai wani malamin firamare a Mzuzu, ƙasar Malawi, mai suna Wongani Mhango, mutumin kirki in ka cire abu guda. Ya ɗaura wa kansa cewa zai ƙera injin da zai ba da wuta kyauta har abada, ba mai, ba batir, ba jiran kamfanin lantarki.

A bayan gidansa akwai rumfar kwano. Nan ya kafa ƙafar keke a kan katako, ya jera mata maganaɗisun da yake cirowa daga matattun lasifikoki, ya kewaye ta da naɗin wayar jan ƙarfe. In ya tunkuɗa ta sai ƙaramin ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, ta yi ta juyi, sannan ta tsaya. Shekara shida kullum sai ta tsaya, shi kuma kullum cewa yake saura kaɗan. Unguwa ta sa masa Farfesa, bai taɓa gane tsiya ake masa ba.

Mahaifiyarsa ta zo jinya gidansa daga garin Rumphi. Tana da 'ya mace ɗaya, yayarsa Tiyezge, wadda ke aure a Mbeya, can ƙetaren iyaka. Shekara tara uwar da 'yar ba sa magana, tun wata faɗa da aka yi kan gona, aka faɗi kalmomin da ba sa komawa baki.

Wata ranar Asabar da hantsi tsohuwar ta kira shi.

"Ɗauko rediyon nan mai ɗaukar murya. Ina da saƙo ga yayarka. Ka zauna nan ka zama shaida."

Wongani ya sa sabon kaset, ya danna. Daidai lokacin wani mai gyaran rediyo ya yi sallama a waje da lasifikoki biyu manya.

"Mama, ki fara, yanzu zan dawo."

Bai dawo ba sai da rana ta yi tsaka. Ya tarar kaset ya ƙare, tsohuwar ta juya fuskarta bango tana barci. Bayan kwana huɗu ta rasu. Ruwa ya cinye hanya a makon nan, Tiyezge ba ta samu jana'iza ba.

Wongani bai saurari kaset ɗin ba, don ba nasa ba ne. Ya ce zai adana shi inda ba abin da zai taɓa shi, sai ya sa shi cikin gwangwanin biskit mai kwaɗo, inda yake ɓoye abin da ya fi daraja a wurinsa, wato manyan maganaɗisunsa.

Matarsa, NyaGondwe, tana tsaye da tukunyar nsima, wato tuwon masara, ta gan shi.

"Baban Temwa, agogona fa tun da na ajiye shi kusa da ƙarafan nan naka bai sake tafiya daidai ba. Kawo kaset ɗin in sa a akwatin zannuwana."

Ya yi dariya. "Yau kuma ke za ki koya min kimiyya? Je ki duba nsima kada ta kama."

Ta tafi abinta, ba ta sake tayar da zancen ba.

Da labarin saƙon ya kai mata, sau uku Tiyezge tana rubuto wasiƙa, a ba direban bas kaset ɗin ya kawo mata. Sau uku Wongani yana cewa sai an yi hutu. Hutu ya zo, ya ƙare a rumfa. Ba mugunta ba ce, wallahi. Kawai ƙafar keken nan ta cinye masa zuciya, komai na duniya ya koma abin da za a yi gobe.

Da shekara ta zagayo aka sa ranar buɗe dutsen kabari. Tiyezge ta iso, ta rame, furfura ta fito mata. Bayan an yi addu'a a maƙabarta an yaye farin ƙyallen da aka rufe dutsen da shi, jama'a suka ci abinci suka watse. Ita ko loma ba ta kai baki ba.

"To Farfesa, an ba Malawi wuta kyauta, ko har yanzu saura kaɗan?"

"Saura kaɗan, Yaya."

"Haka na zata. Ɗauko min uwata."

Da ya buɗe gwangwanin sai ya ga kaset ɗin kwance, gefensa ɗaya jingine da maganaɗisu mafi girma. Ya ciro shi, ya sa a rediyo.

Suka zauna a falo su uku, har da NyaGondwe. Ya danna.

"Tiyezge, 'yata..."

Muryar ta fito sarai, kamar tsohuwar na zaune a kan tabarma. Tiyezge ta dafe ƙirji. Sai muryar ta nutse cikin wani shuu, kamar iska a cikin ciyawa. Ta sake ɓullowa da rabin kalma, ta sake nutsewa. Haka, haka, duk zagayen da zaren kaset ɗin ya yi. Maganaɗisu ya share duk ɓangaren da ya jingina da shi, shekara guda yana ci a hankali cikin duhun gwangwani.

Suka ji "gonar nan". Suka ji tari. Suka ji sunan Tiyezge sau biyar. Can kusa da ƙarshe akwai wani sauti da ba wanda ya iya cewa dariya ce ko kuka. Kaset ya kai ƙarshe, maɓalli ya ɗago da kansa.

Tiyezge ta juyo, muryarta ƙasa ƙasa.

"Ba komai. Ai ka ce ta sa ka shaida. Faɗa min da bakinka, ƙanena. Ta yafe min?"

Wongani ya ji ƙarya ta zo masa har bakin harshe. Kalma ɗaya ce, yayarsa ta koma Mbeya da sanyin zuciya. Amma NyaGondwe na zaune, ita ce ta gan shi ranar yana ciniki a waje.

"Yaya, ban zauna ba. Ina rumfa."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta cire kaset ɗin, ta ɗora masa a cinya.

"Riƙe. Kai ne mai haƙurin jiran abin da ba ya zuwa."

Washegari ta hau bas.

Wongani bai rushe injin ba, bai kuma sake taɓa shi ba. Rumfar na nan, tsatsa na cin wayoyin. In iskar yamma ta shigo ta ƙarƙashin kwano, ƙafar keken kan motsa da kanta, ƙwan ya yi ja ya mutu, ya yi ja ya mutu, daidai yadda muryar ke zuwa tana tafiya. Ya daina bi ta bayan gida.

Kowace Asabar da hantsi, in an share tsakar gida, yakan ɗauko rediyon ya zauna a ɗakin da mahaifiyarsa ta yi jinya, a kan kujerar da ta nuna masa ranar. Yakan danna, ya saurara tun daga "Tiyezge, 'yata" har maɓalli ya ɗago, ba ya tashi ko an yi sallama. Yanzu yana zama har ƙarshe, sai dai ba abin da ya rage da zai shaida.

Darasi: Burinka zai jira ka, amma wanda ya ce ka zauna ka saurare shi ba lallai ya jira ba. Amanar da aka ba ka ka kai ta yau, kuma kada ilimi ya sa ka raina gargaɗin na kusa da kai. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da saƙon wani yana cewa sai gobe.