Kura da Littafin Tafkuna

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Dabbobi suka haɗu suka rubuta littafin wuraren shan ruwa. Sharaɗinsu ɗaya: kowa ya kwafa, amma ya bar nasa a buɗe don a riƙa gyarawa.

Kura ta kwafa, ta goge sunayen marubutan, ta ɓoye a raminta.

Ran nan Kurege ya leƙo. "Yaya Kura, kawo in gyara miki layi ɗaya."

"Tafi can, ɓarawo! Nawa ne, ba mai taɓawa."

"To, a sha ruwa lafiya."

Gyaran kuwa, wani ƙaton kada ne ya tare a Tafkin Gawo. Kura ta bi littafinta ta je can shan ruwa. Da azahar sai ga ta ba wutsiya, tana ihu: "Kurege ɗan'uwana, zo da alƙalaminka!"

Ƙurunƙus, na sauke ta kan kusu.