Ɗankwalin Tabita

An yi wani sarki mai suna Obadiya, wanda shari'ar ƙasarsa ta ce idan kishi ya kama miji alhali ba shi da shaida, sai ya kai matarsa gaban firist, wato limamin Haikali. Firist zai kwance mata ɗankwali a bainar jama'a, ya ɗebi ƙurar daɓen Haikali ya zuba cikin kaskon ruwa, ta sha. In ta ci amanar aure cikinta ya kumbura, in kuwa tsarkakakkiya ce ta koma gida lafiya.

A birnin akwai wata mace, Tabita, wadda ba ta manta ranar da ta fara ganin mijinta Irmiya marini ba. Ya iso bakin rijiya yana baƙo, leɓɓansa sun tsage don ƙishirwa, ta karkata masa tulu ya tara hannu, ruwan ya riƙa zuba shuɗi daga tafukansa har dariya ta kama su. Bayan shekara bakwai sai ya hango ta a wannan rijiyar tana shayar da wani falke, zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya kai ta Haikali, sarki da wazirinsa Matiyas suna zaune.

Da aka kwance ɗankwalin, Tabita ta ce, "Ranka ya daɗe, in na sha babu abin da ya same ni, me ke kan mijina?"

Waziri ya ce, "Baiwar Allah, shari'a ba ta ɗora masa laifi ba."

Ta ɗaga kaskon ta shanye, ta kife shi a ƙasa. Aka jira har rana ta take, ko gezau. Mata suka yi guɗa, firist ya miƙo mata ɗankwalin, ta mai da hannayenta baya.

"Ba zan karɓa ba. Ba ni na kwance shi ba."

Irmiya ya matso yana raɗa, "Haba uwargida, rufa mana asiri, mutane na kallo."

Ta ce, "Maigida, ai kai ka gayyato su. Da ba na shayar da baƙi, da yanzu ƙasusuwanka na bakin rijiya."

Sarki ya dubi waziri ya ce, "Ga mace shari'a ta wanke ta, ta kuma ƙi tafiya. In na tilasta ta na zalunce ta, in na hukunta mijin na ƙara a kan abin da aka saukar. Ina mafita?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, an faɗi wanda zai kwance, ba a faɗi wanda zai ɗaura ba. An ce miji da mata jiki ɗaya ne, ashe kansa mijin ya tona wa asiri, sai shi ya ɗaura mata. Ɗaurawar ba hukunci ba ce, suturta kansa zai yi."

Irmiya ya karɓi ɗankwalin. Bai taɓa ɗauri ba, sau uku yana warwarewa ana dariya, yatsunsa suka bar shuɗin baba a jikin farin ƙyallen. Tabita ba ta sunkuya ta sauƙaƙa masa ba.

Sarki ya yafa wa waziri alkyabba, ya mai da shawararsa doka, ya ce, "Adalci bai cika da wanke wanda aka zarga ba, sai an mayar masa da mutuncinsa a inda aka tuɓe shi."

Tabita ta taɓa ƙullin da ya karkace a goshinta, ta ɗaga murya ta ce, "Irmiya, ga alkawarina a gaban sarki. Duk mai ƙishin da ya zo rijiya zan shayar da shi, zuciyata kuwa taka ce kai kaɗai har kabari. Amma wannan kasko ba zan sha shi sau biyu ba."