Ƙusoshin Baba Ɗangoggo

Akwai wani tsoho, Baba Ɗangoggo, a wani ɗan gari can bayan Lugbe, inda kwalta ta ƙare rafi ya fara. Yashi yake haƙa yana sayarwa. Bai yi boko ba, amma shi ke riƙe da tarihin garin, kuma a jikin itace yake riƙe da shi.

A bakin rafin akwai wata tsohuwar ɗorawa. Duk shekarar da aka yi ambaliya, idan ruwa ya janye, Baba kan duba inda laka ta tsaya a jikinta, ya buga ƙusa a wurin. Kowace ƙusa da sunanta.

Ta daidai gwiwa ita ce ƙusar gada, shekarar da ruwa ya tafi da gadar katako. Akwai ƙusar ƙanƙara, lokacin da ƙanƙara ta huda rufin kwano ta kashe kaji, ruwa ya biyo bayanta. Ta can sama kuwa, daidai ƙirjin babban mutum, ƙusar Naomi ce, wata baiwar Allah da ta je kwaso shanya, ba a gan ta ba sai bayan kwana uku.

Shi ya sa duk wanda zai sa fandisho, wato harsashin gini, a garin, sai a kira Baba. A ɗaura igiya a ƙusar Naomi, a ja ta har filin, magina su daidaita. Inda igiya ta nuna, nan daɓen ɗaki zai kai. Musulmi da Kirista haka suke yi.

Ana nan sai wani ma'aikacin gwamnati, Muhyiddeen, ya sayi filin da ke kusa da ɗorawar. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ya yarda da takarda fiye da bakin mutane.

Ranar haƙa fandisho Baba ya zo da igiyarsa a kafaɗa, ya yi sallama, ya ce a ja igiya tukuna.

Muhyiddeen ya yi dariya. "Baba, injiniya ya zana, an auna da na'ura. Wannan igiyar ai ta shanya ce."

Magina suka dara. Shugabansu Manniru ne kawai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Oga, a nan haka muke yi."

"Ni nake biyan aikin ko ɗorawa?"

Baba bai yi fushi ba. Ya nuna kusurwar filin da ta gangara, ya roƙa ko ba za a ja igiya ba, a bar wa ruwa kafa a katanga. Ya ce ta nan yake bi, kuma ko ya yi shekara goma bai zo ba, yana sane da hanyarsa.

Matar Muhyiddeen, Safara'u, tela ce, mai sanyin hali. Ta lallaɓa mijinta ta ce, "Malam, igiyar nan me za ta rage mana?" Ya ce idan ya bar kafa a katanga, ɓeraye da macizai ne za su gode masa.

Aka zagaye gidan da doguwar katanga, babu kafa ko ɗaya. Da aka zo sa get, sai aka ga ɗorawar ta tare hanyar mota, kuma takarda ta ce cikin filinsa take. Aka kira mai injin yanka. Yana yi yana tsaki, wai ƙusoshi sun cinye masa haƙoran inji.

Baba ya durƙusa cikin garin katako yana tsintar ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya zuba su a aljihu. Amma ƙusa a aljihu ba ta nuna tsayin komai.

Damina uku suka wuce lafiya. Idan Muhyiddeen ya zo wucewa, yakan sauke gilashin mota ya ce, "Baba, baƙon naka har yanzu bai iso ba?" Safara'u kuwa kullum Juma'a sai ta aika wa tsohon da abinci, kamar mai ba da haƙuri.

A damina ta huɗu, wata Talata da hantsi, rana na haskawa tarwai a garin. Ko ɗigo bai sauka ba. Amma can kan duwatsu sama ta yi baƙi, kuma Baba ya ga rafi ya koma ja, yana ɗauke da karare. Ya san an yi ruwa can kan duwatsun, yana tafe.

Ya bi gida gida da sandarsa. Mutane suka kwashi yara suka hau tudu. Ya isa get ɗin Muhyiddeen ya yi ta bugu har hannunsa ya fashe. Janareta na ruri a ciki, keken ɗinki na tafiya. Safara'u ba ta ji ba.

Ruwan ya zo ta kusurwar nan da Baba ya nuna. Ya ture katangar baya ya shiga, bai sami mafita ba, gidan ya cika kamar kwarya. Get ɗin ciki yake buɗewa, ruwa ya danne shi.

Daga kan tudu ana jin muryarta. Manniru ya ɗaura igiyar Baba a ƙugu ya shiga, ruwa ya maka shi da ƙasa, aka jawo shi da ƙyar. Ya sake shiga, aka sake jawo shi. Daga nan kowa ya tsaya, ana salati, ana kallo.

Ta kira mijinta a waya. Yana kan titin filin jirgi, cunkoso ya riƙe shi.

"Malam, ruwa ya kai taga."

"Hau tebur, Safara'u, ga ni nan, ga ni nan."

Bai iso ba sai la'asar.

Bayan addu'ar bakwai, Muhyiddeen ya zo wurin Baba da guduma a hannu. Ya rame.

"Baba, nuna min inda zan buga."

Baba ya dubi kututturen ɗorawar, wanda ko gwiwa bai kai ba. "A jikin me, ɗana?"

Daga baya suka taka zuwa katangar gaba, wadda ba ta faɗi ba. Layin laka na nan a jikinta, sama da kan mutum. Baba ya ciro ƙusa mai tsatsa daga aljihu ya miƙa masa. Sai da Muhyiddeen ya taka bulo biyu kafin hannunsa ya kai.

Babu wanda ya faɗi sunan ƙusar. Kowa ya sani.

Darasi: Idan ka zo wuri, ka saurari waɗanda suka riga ka ganin abin da ya faru a wurin, ko da ba su iya rubuta sunansu ba. Girman kai ba kullum mai shi yake ci ba, wani lokaci wanda ba ruwansa yake ɗauka. Ku tura wa duk wanda kuka san yana gini kusa da rafi. Kuma ku sa Safara'u a addu'a, yayata ce.