Mai Lambu da Ƙaramin Cokali

Akwai wani mutum mai lambu a bakin fadama, yana noman tumatir da albasa da rani. Hannunsa yana da albarka, abin da ya dasa sai ya kama. Amma yana da hali guda: in ya faɗi magana, ta zauna ke nan, ko tsohuwarsa ba ta isa ta juya shi ba. Shi da matarsa suna da 'ya ɗaya tak mai suna Rahila. Ba a yaye ta ba tukuna, ta dai fara tafiya tana dafa bango.

Wata rana da safe amai da gudawa suka kama yarinyar. Kafin rana ta take, uwar ta wanke zannuwa har igiyar shanya ta cika. Sai ta tuna da abin da aka koya wa mata a asibitin ƙauyensu. Ta tafasa ruwa, ta bar shi ya huce, ta zuba garin gishiri da sukari na cikin ƙunshin da aka ba su, ta ɗanɗana, ta ji gishirinsa bai wuce na hawaye ba. Ta cika moɗa ta kafa wa yarinyar a baki. Rahila kuwa da ƙishi, ta kwankwaɗe duka. Ba a jima ba ta dawo da shi gaba ɗaya a jikin uwarta.

Mai lambu yana tsaye yana kallo. Ya ce, "To, kin gani, Maman Rahila. Abin da ya shiga shi yake fita. Haƙori ne take fitarwa, kowane yaro yana yi. Ki daina ba ta ruwa, ki daina ba ta nono, ciki ya huta, zai ɗaure da kansa."

Matar ta ce, "Maigida, dubi leɓenta fa, ya bushe. Tana kuka ma ba hawaye."

Ya ce, "Na gama magana." Ya karɓe moɗar ya kife a kan katanga, ya kama hanyar lambu.

Kada ku ce mugu ne. Yana ƙaunar 'yar nan kamar ransa. Ya dai ɗauka cewa wanda yake zubarwa, maganinsa a hana shi. Da yawa daga cikin kakanninmu haka suka ɗauka, da yawa kuma suka binne 'ya'ya a kan haka.

Da ya isa lambu, ya tarar rana ta dafa tumatirin da ya dasa jiya, duk sun langaɓe. A al'adarsa, ƙananan dashe da gwangwanin da ya huhhuje gindinsa yake ba su ruwa, yayyafi-yayyafi. Amma ran nan jikinsa ne kawai a lambu, hankalinsa yana gida. Ya ɗebo bokiti cike, ya sheƙa wa dashen farko gaba ɗaya. Ruwan ya ƙwaƙule ƙasa, ya gangara ya bi kwari, ya bar dashen kwance saiwarsa a waje.

Mutumin ya tsaya da bokiti a hannu. Ya ce a ransa, "Ashe ba ruwan ne da laifi ba, zubawar ce. In kuwa na ce tun da ruwa ya gudu ba zan ƙara ba shi ba, kafin yamma ya zama karmami." Ya ɗauki gwangwaninsa ya yayyafa wa na kusa da shi. Ƙasar ta shanye, ko ɗigo bai gudu ba. Nan take ya tuna da 'yarsa. Ya yar da gwangwani, ya nufi gida da gudu, dattijo da furfurarsa.

Ya tarar da Rahila a cinyar uwarta, idanunta sun faɗa, kukan ma ya zama nishi. Ya ce, "Ina sauran ruwan nan?"

Matar ta ce, "Yana nan a rufe, ban zubar ba."

Ya ce, "Kawo shi, da cokalin shayi. Maganar da na yi ɗazu, na janye ta."

Matar ta dube shi, domin tun da ta zo gidan ba ta taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Ya wanke hannunsa da sabulu, ya zauna a tabarma, ya ɗora 'yarsa a ƙafa. Ya ba ta cokali guda, ya dakata, ya ƙara ba ta. Can ta sake yin amai. Uwar ta fashe da kuka, amma shi ya share wa yarinyar baki, ya jira ta ɗan huta, ya ɗauki cokali ya koma daga farko. In ya gaji, uwar ta karɓa ta ba ta nono, sa'an nan su koma ga cokali. Haka suka wuni, lambu yana can yana jiran mai shi.

Da rana ta yi sanyi, sai mai lambu ya ji wani abu mai ɗumi yana bin cinyarsa. Ya duba, sai ya kama dariya, hawaye suna zuba. Ya ce, "Maman Rahila, zo ki gani, ta yi mini fitsari. Ruwa ya zauna." Ban taɓa jin mutumin da ya yi wa Allah godiya a kan jiƙaƙƙen wando kamar wannan ba. Kashegari suka kai ta asibiti aka duba ta, aka ƙara musu magani. Ba a yi kwanaki ba ta koma dafa bango tana ɓarnar albasar ubanta.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: yarinyar nan ita ce ɗan'uwanmu wanda bangaskiyarsa ta raunana. Baƙin ciki ko zunubi ya tsotse shi, ya daina zuwa sujada, duk abin da aka faɗa masa sai ya dawo da shi. Waɗansunmu masu moɗa ne. Mu je gidansa mu sheƙa masa wa'azi da faɗa a zama guda, in ya ƙi ji mu yi mamaki. Waɗansu kuma masu kife moɗa a katanga ne, su ce, "A bar shi, ba ya jin magana, zai dawo da kansa." Wanda ya bushe ba ya dawowa da kansa. Ubangiji bai yi mana haka ba. Sau nawa muka amayar da maganarsa, ya share mana baki ya sake ɗaukar cokali? Gaisuwa cokali ce. Ƙwaryar kunu da ka aika cokali ce. Gajeriyar addu'a a ƙofar gidansa cokali ce. In ya dawo da ita, ka ɗan jira, ka sake.

Ku iyaye kuma, kada ku tsaya ga ma'anar ruhaniya kaɗai ku manta da yaron da ke bayanku. Mai amai da gudawa ba a hana shi ruwa, ba a hana shi nono. In ya kasa sha sam, ko jikinsa ya saki, ko kuka ga jini, ku ɗauke shi zuwa asibiti, ku yi addu'ar a hanya.

Yanzu kowa ya tuna da mutum guda wanda ya kife wa moɗa. Kafin Lahadi mai zuwa, ka je ka ƙwanƙwasa ƙofarsa, kada kuma ka tafi da bokiti.